Yaya Ta Ba Ni Makullin Maganin Baba, Na Kasa Ɗauka

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da rubutuna. A aji huɗu na tsaya a firamare, sauran karatun a jikin takardun fim da allunan shaguna na tsinto shi.

Kada ki ɗauka wasiƙar kuka ce. Alhamdu lillahi ina da sana'a, ina da ɗakina a bakin ƙofar gidanmu, ina cin abinci da daɗi, iyayena biyu suna raye. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya, kuma kwana goma sha biyu suka rage mini a kansa. Makulli ne, ɗan ƙarami, bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Amma sai na koma baya kafin ki gane.

Ina ɗan shekara bakwai aka fara sa ni a fim. Wani mai shirya fim ne motarsa ta lalace a layinmu, ya tarar ina birgima a ƙasa don an hana ni bin Baba tasha. Ya tsaya yana kallona kamar ya ga kayan da ya daɗe yana nema a kasuwa. Bayan sati biyu ina gaban kyamara. Daga nan har na kai sha huɗu, ban san adadin iyayen da suka mutu suka bar ni ba. Uwa ta rasu, in yi kuka. An kai uba kurkuku, in yi kuka. An kore ni cikin ruwan sama, ruwan ma na tiyo ne, in yi kuka. Ma'aikata suka sa mini suna Famfo, don darakta na ɗaga hannu nake buɗewa, yana saukewa nake rufewa, in koma gefe in ci gaba da tsotsar alawata. A kasuwa mata kan tare ni su shafa kaina, suna tsine wa matar da ta fito a matsayin muguwar innata, alhali ita ce ke raba abincinta da ni a wurin aiki. Baba direban bas ne a lokacin, ya manna hotona a saman gilashi, duk fasinjan da ya zauna gaba sai ya sha labari har ya sauka.

Yayata, wadda ta girme ni da shekara takwas, ita Mama ke sawa ta raka ni. Ita ke riƙe mini jaka, ita ke karanta mini takarda in haddace, ita ke goge mini fuska. Ita kaɗai ta gano yadda nake yi. Nakan sunkuyar da kai, in danna farcen babban yatsa a jikin na kusa da shi, in riƙe numfashi, in kalli kunnen mutum maimakon idonsa, sai hawaye ya fara daga idon hagu. A hanyar gida takan tsokane ni, wai yau hagu ta makara, ko famfon ya toshe ne a kira mai gyara.

Wanda ya wuni yana kuka da ihu, muryarsa dishewa take yi. Matar da ke kula da tufafinmu, baiwar Allah mai tausayi, har yau ban riƙe ta a zuciya ba, ita ta fara ba ni cokali ɗaya na maganin tari don murya ta dawo kafin gobe. Sai na lura ba murya kaɗai yake gyarawa ba. Fitilun nan masu zafi sukan yi laushi, tsawar darakta ta koma kamar daga bayan katanga take zuwa. Ina sha biyu na ƙware a tarin ƙarya, wanda ya fi kukan ƙarya sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai murya ta buɗe, gashin baki ya fara tsiro, wuya ya yi tsawo. Ba wanda ya kore ni, kira ne kawai aka daina. Na je wurin wani da na yi wa fim shida, ya dube ni sama da ƙasa ya ce ƙato in yana kuka ba tausayi yake ba mutane ba, dariya yake ba su. Gaskiya ya faɗa. Makaranta ta riga ta wuce ni. Daga kwalba na koma ƙwaya. Ba zan cika miki fili da shekaru bakwai ɗin da suka biyo baya ba, duk wanda ya taɓa ganin ɗan ƙwaya ya gan ni. Bambancina da sauran shi ne ni ina da sana'a a hannu. In Mama ta kama ni sai in buɗe mata famfo, in rantse na daina, ita ma ta fashe da kuka ta rungume ni. Baba ma na sha yi masa. Yaya kuwa takan tsaya a bakin ƙofa, ba ta kallon fuskata, hannuna take kallo.

Abin da ya raba mu shi ne wannan. A haihuwarta ta fari aiki aka yi mata, aka sallamo ta da maganin kashe zafin ciwo. Na je duba ta. Ta juya baya tana gyara wa jariri kwanciya, na zare robar maganin daga jakarta, na juye, na zuba mata farar ƙwayar ciwon kai mai kama da shi. Kwana biyu tana murƙususu, tana cewa maganin nan ba ya aiki. Mijinta har ya koma ya yi wa masu ba da magani faɗa, su suka duba suka ce wannan ba daga hannunsu ya fito ba. Da aka gano ni ne, aka taru a kaina, na durƙusa gaban gadonta ina kuka. Gwaggo, wallahi ranar kukan gaske nake yi. Amma jikina bai san wata hanyar kuka ba. Kai ya sunkuya, yatsa ya danna, hagu ta fara. Ta dubi hannuna, ta juya fuskarta bango. Shekara biyu ban samu fiye da kalma ɗaya ba in na gaishe ta.

Wannan juya fuskar ita ta kai ni asibiti da ƙafata. Wata uku na yi a sashen masu irin matsalata. Yau shekara huɗu da wata bakwai ban sa komai a bakina ba. Duk Laraba muna zama mu takwas da jami'ar da ke kula da mu. Ko mura ta kama ni, ruwan zafi ne da lemun tsami. Akwai kantin magani a kan gajeriyar hanyar zuwa wurin aikina, don haka nake zagayawa ta bayan makaranta, ƙarin minti goma, har masu shagunan can sun fara tambayata wace ce mai sa'ar.

Gyaran keken ɗinki nake yi. Maigidana tsoho ne, bai taɓa kallon fim ko ɗaya ba, wai ƙaryar da teloli ke kawo masa kyauta har shago ta ishe shi. Ba ki san daɗin da hakan ya yi mini ba. Shagon ƙarami ne, tebur biyu, kawunan kekuna jere a kan kanta kamar masu jiran likita, gwangwanayen madara cike da sukurori, ko'ina warin mai. Ya koya mini kada in taɓa sukundireba sai na fara taka keken na saurara. In allura ta karkace sautinsa daban, in bel ya saki sautinsa daban, in mai ne babu har kuka yake yi. Tela zai zo a fusace wai jiya lafiya lau yake aiki, kullum jiya lafiya lau yake, in buɗe in tarar da ƙurar zaren shekara uku a ciki. Wani lokaci wata mai ɗinki ta ƙura mini ido ta ce kamar ta san ni, in ce ai fuskar tawa irin ta gama-gari ce. Wasu su gane, su ce in ɗan yi musu kukan nan su ɗauka a waya, in yi dariya in ce an yanke ruwan. Ba na jin haushi. In na ɗaure keke na taka, ɗinki ya fito sumul, nakan ji abin da ban taɓa ji ba ko a ranar da aka ɗaga ni a kafaɗa ana tafi.

Kin ga na yi nisa. Sati uku da suka wuce Baba ya zame a banɗaki, ƙashin ƙugunsa ya karye, aka yi masa aiki. An sallamo shi da magani kala biyar, a ciki har da na kashe zafi. Ban buƙaci ganin kwalin ba. Daga tsakar gida na ji ƙarar da takardarsa ke yi in an ɓallo ƙwaya, na gane shi yadda nake gane keke. Yaya ta ɗauki hutu a kamfanin katifar da take aiki, ta sayo ɗan akwatin ƙarfe mai kwaɗo, ta zuba su duka, makullin yana jikin makullan gidanta. Ban ji zafi ba, da ba ta yi ba ma da ni zan ce a yi. Mama idonta ya yi rauni, kuma ba ta iya karatu ba, duk farar ƙwaya ɗaya ce a wurinta. Don haka kullum Yaya ke hawo mota biyu da cikinta wata shida, ta bar yara biyu, ta wuni a nan ta ba shi na safe da na rana da na yamma.

Ni nake ɗaga Baba, ni nake yi masa wanka, ni nake riƙe shi yana koyon tafiya daga gado zuwa ƙofa, yana mita wai tuƙin ɗan koyo nake yi masa, ba na sa sigina kafin in sha kwana. A sati ukun nan ni da Yaya mun yi hirar da ba mu yi ba a shekara biyar. Rannan har ta ƙwala mini kira da Famfo, wai in zo in ɗauke mata bokiti ba a tsaye ake kallon mai ciki ba. Na ɗauke, na shiga ɗaki na ɗan zauna, don daɗi.

Shekaranjiya ta zo shago, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta gaida maigidana, ta tsaya tana kallon ina haɗa wani keke. Sannan ta ciro makulli ta ajiye a cikin murfin da nake tara ƙananan sukurori. Ta ce hutunta zai ƙare ranar ɗaya ga wata, daga ranar ni ne likitan Baba, kuma ta rubuta lokutan a murfin akwatin da manyan baƙaƙe tunda ta san malamin nata. Ta ce wannan makulli na biyu ne, nata yana hannunta zuwa ranar. Ba ta jira na ce uffan ba ta fice. Maigidana ya dube ni ta saman tabarau. Na ce ya sa mini shi a aljihun teburinsa mai kulle. Yana can har yanzu.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ba sha'awar maganin nake ji ba, ko in ce ban ji ba tukuna. Amma na san ƙwaya nawa ta rage a akwatin. Goma sha tara. Ban ƙirga da niyya ba. Tana buɗewa ina gefe ina ninke zanin gado, ido ya yi aikinsa shi kaɗai. Ranar da Baba ya ce yau da sauƙi a bar masa ta rana, sai na ji wani abu a cikina ya rubuta cewa ga guda ɗaya da ba wanda zai nema. Wannan mai rubutun shi nake tsoro. Shekara huɗu ina zagaye kantin magani, yanzu kantin ne zai dawo aljihuna.

In na karɓa, wataƙila in riƙe amana har Baba ya miƙe, in zama cikakken mutum a idonta. In kuwa na zame, ba ni kaɗai zan faɗi ba. Baba, tsohon nan da bai iya cewa wayyo ba, shi zai kwanta yana cije leɓe yana cewa maganin ba ya aiki. In na mayar mata, me na ce ke nan? Na ce shekara huɗun nan ma fim ne. Kuma ba ta da wani, mijinta kullum yana kan hanya, a wurin aikinta ba a ƙara hutu. Na gwada shirya maganar a shago ina faɗa wa keke, kafin in kai rabi kai ya sunkuya, yatsa ya danna. In na yi haka a gabanta, na san inda za ta kalla.

Jami'ar da ke kula da zamanmu na Laraba ban gaya mata ba, don na san abin da za ta ce, kuma ita ba ta san Yaya ba.

Gwaggo, in karɓa ko in mayar? In mayarwa ce, da wane baki?

Ɗanki,
Mai gyaran keken ɗinki

AMSA

Ɗana mai gyaran keke,

Na tsallake wasiƙu da dama na ɗauko taka saboda kwanakin da ka ce sun rage. Rubutunka kuwa ka daina ba da haƙuri a kansa, na sha karanta na masu digiri ban gane inda suka dosa ba. Kuma barka da shekara huɗu da wata bakwai. Ba ƙaramin aiki ka yi ba.

Amsata a taƙaice ita ce kada ka riƙe makullin nan. Amma kada ka mayar da shi kana sunkuyar da kai kamar wanda ya faɗi jarrabawa.

Ka ɗauki abu biyu ka ɗaure su wuri ɗaya, yardar yayarka da ƙwayoyin nan goma sha tara. Kwance su. Yardar ka riga ka samu, tunda ta tako da ƙafarta har shago. Ƙwayoyin kuwa ba su san an yafe maka ba. Idon da ya ƙirga su bai nuna ka lalace ba, haka ciwon yake, kuma waɗanda suka fi ka daɗewa da dainawa ma sukan ba da irin wannan labarin. Zagayen minti goman da kake yi kullum shi ya kawo ka yau. Ban ga dalilin da za ka bar dabarar da ta yi maka aiki ba don kawai a ce ka cika jarumi.

Yanzu dubi ɓangarenta. Mace mai ciki wata shida, yara biyu, mota biyu, hutu ya zo ƙarshe. Abin da ya sa ta ajiye makullin nan akwai yarda a ciki, akwai kuma gajiya, kuma babu aibi a ko ɗaya. In ka je mata da ba zan iya ba kawai, ka mayar mata da kayan ka bar ta a tsakiyar hanya, tana da haƙƙin ta ji haushi. Saboda haka ka je mata da tsari a hannu.

Fara da jami'arku, wannan Larabar. A duk wasiƙarka nan ne kaɗai gabana ya faɗi. Ka ce ka san abin da za ta ce shi ya sa ka yi shiru. To ai kai ka fi ni sanin inda ɓoye-ɓoye ke kai mai irin ciwonka. Faɗa mata komai, har da guda ɗayan da ba wanda zai nema.

Sannan ku je wurin likitan Baba kai da yayarka, ka gaya masa tarihinka da bakinka. Mai yiwuwa zuwa ɗaya ga wata lokacin rage wannan maganin ya yi, ko a sauya shi da wanda ba ya kama mutum. Likita ne zai yanke wannan, ba ni ba, ba ku ba, kuma kada a rage wa tsoho magani yana cikin ciwo don a sauƙaƙa maka. In dole ne a ci gaba, a raba akwatin biyu. Kala huɗun nan naka ne, ka riƙe su, ka ba shi a kan lokaci, ga wanka ga koyon tafiya da ka riga ka ɗauka. Na biyar ya koma hannun wani amintacce da ba a gidan yake kwana ba, maƙwabciya ko ma'aikaciyar jinya da ke kusa, ta kawo guda ɗaya a lokacinsa, Baba ya haɗiye a gabanta. Ƙwayar da ya ce a bari bai sha ba ma a rubuta ta. Abin da ya rage bayan ya warke, yayarka ta mayar asibiti. Da wannan ka sauke mata kusan dukan kayan, saura ɗan abin da bai kamata ka ɗauka ba.

Sai batun kuka. Ka gaya mata tun farko cewa zai zo, kuma ta hanyar da ta sani zai zo, don ba ka da wata. Sannan ka ci gaba da maganarka yana zuba. In ka ga bakin zai ƙi, rubuta mata yadda ka rubuto mini, ka miƙa mata hannu da hannu, ka zauna har ta gama karantawa. Ka tuna, duk kukan da ta taɓa kama ka da shi wani abu yake nema, a ƙyale ka, a buɗe maka ƙofa, a ba ka. Wannan karon kai ne ka zo mayar da abin da ɗan ƙwaya zai yi kuka don ya samu. Wadda ta gano sirrin yatsanka tana 'yar sha biyar ba za ta kasa ganin wannan bambancin ba. Ka faɗa mata lissafin goma sha tarar ma. Ba zan yi maka alkawarin ba za ta tsorata ba, tana iya yin shiru kwana biyu, ka bar ta ta yi. Gara ta ji daga bakinka yanzu tana da sauran hutu, da ta koma aiki da kwanciyar hankalin da ba a gina shi kan gaskiya ba.

Kada ka jira ɗaya ga wata. Gobe, bayan ta ba Baba na rana, ka ce kana da magana da ita. In kun gama, ta biya ta shago maigidanka ya miƙa mata makullin, kai ba sai ya ratsa aljihunka ba.

Allah ya ba Baba lafiya, ya sauki yayarka lafiya, kai kuma ya ƙara maka shekaru a kan huɗun nan, ɗaya bayan ɗaya.

Gwaggonku